Kofi Ba Ya Ciyar Da Mai Shi: Darasi Daga Rayuwar Althea Gibson

Ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 1957, a filin wasan Wimbledon da ke birnin Landan, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta miƙa kambin gasar tanis ta mata ga wata Ba'amurkiya mai suna Althea Gibson, wadda ita ce baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta taɓa cin wannan gasa ita kaɗai tun da aka kafa ta. Da ta koma gida, mutanen New York suka yi cincirindo a kan tituna suka tarye ta da irin tarbar da ake yi wa manyan jarumai. Bayan shekara 39 da wannan rana, ita dai wannan mata tana zaune ita kaɗai a wani gida a garin East Orange na Jihar New Jersey, ga tsufa, ga ciwo, ga kuma rashin abin biyan haya da na sayen magani, har sai da wata tsohuwar abokiyar wasanta ta nema mata taimakon jama'a.

Abin da ya auku tsakanin waɗannan ranaku biyu ya cancanci ɗalibai da ma'aikatan gwamnati su yi nazarinsa da idon basira. Ɗalibi zai ga yadda makaranta ta ɗauki yarinyar da ta guje wa aji ta mai da ita mutum. Ma'aikaci kuwa, musamman wanda aka damƙa wa sha'anin ilmi ko na wasanni, zai ga yadda ƙasa mai arziki ta tafa wa gwanarta, sa'an nan ta juya baya ta bar ta da tafin.

An haifi Althea Gibson ranar 25 ga watan Agusta na 1927 a wani ƙauye mai suna Silver a Jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta manoman auduga ne, irin waɗanda ke noma gonar wani a raba amfani da mai gona. Da tattalin arzikin Amurka ya karye, suka yi ƙaura zuwa unguwar Harlem ta New York a 1930. A nan ta tashi, yarinya doguwa mai ƙarfin hali da saurin fushi, wadda ta fi son titi da ƙwallo a kan allo da littafi. 'Yan sanda sukan rufe titin unguwarsu da rana domin yara su sami wurin wasa, a nan kuwa ta koyi wani ƙaramin nau'in tanis da ake bugawa da ɗan katako, har ta zama zakarar mata ta birnin New York a wannan wasa a 1939, tana da shekara 12. Makaranta kam ba ta daɗe ba ta watsar da ita.

A wancan zamani tanis wasa ne na masu hali, kulob-kulob ɗin da ake yinsa kuma na Turawa ne zalla. Saboda haka baƙaƙen fata suka kafa tasu ƙungiya tun 1916, watau American Tennis Association, suna shirya gasarsu ta ƙasa kowace shekara. Althea ta ci gasar 'yan mata ta wannan ƙungiya a 1944 da 1945, amma a 1946 aka kayar da ita a wasan ƙarshe na manyan mata. Wannan kaye shi ya zame mata alheri, domin a cikin 'yan kallo akwai likitoci biyu baƙaƙen fata, Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington a Carolina ta Arewa, da Dokta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg a Jihar Virginia, kowannensu da filin tanis a gidansa. Suka ga baiwar da Allah ya yi wa yarinyar, suka kuma ga abin da ta rasa. Suka yi mata tayin ɗaukar nauyinta, amma tayin ya haɗa da komawa makaranta. Lokacin karatu za ta zauna cikin iyalin Dokta Eaton, lokacin hutu kuma ta koma gidan Dokta Johnson, ya horar da ita ya yi ta kai ta wuraren gasa.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani. Da likitocin nan sun so, da sun ɗauke ta su yi ta yawo da ita daga wannan gasa zuwa waccan, su sha yabo, ita kuma ta ci gaba da zama ba ilmi. Sun ƙi bin wannan hanya domin sun san ƙarfin dantse yana da ranar ƙarewa. Ita ma ta yi abin da ba kowa ke iyawa ba: tana da shekara 19, ta haɗiye girman kai ta zauna aji ɗaya da ƙannen bayanta a makarantar sakandare ta Williston, a wani yanki na Kudancin Amurka inda doka ta raba baƙi da fari a makaranta da mota da gidan abinci. Ta gama a 1949. A cikin waɗannan shekaru kuma wasanta bai ja baya ba, don tun daga 1947 ta fara cin gasar manyan mata ta ƙungiyar baƙaƙen fata, ta kuma riƙe ta shekara 10 a jere, har 1956.

Takardar sakandaren nan ita ta buɗe mata ƙofar Kwalejin Aikin Gona da Ƙere-ƙere ta Florida, wadda aka fi sani da Florida A&M, a garin Tallahassee, ɗaya daga cikin manyan makarantun da aka kafa domin baƙaƙen fata. Kwalejin ta ɗauke ta a 1949 bisa sukolashif na wasanni, a zamanin da irin wannan tallafi ga 'ya mace ya yi ƙaranci ƙwarai ko a manyan jami'o'in Turawa. Ta buga wa makarantar tanis da ƙwallon kwando, tana kuma karatun ilmin motsa jiki. Abin da kwalejin ta ba ta ya wuce darussa. Ta sami ɗakin kwana da abinci da filin horo da tsarin rayuwa har shekara 4, a daidai lokacin da tanis ba ya kawo mata ko sisin kwabo. In ba don wannan mafaka ba, da wuya a ce da ta jure jiran ranar da za a buɗe mata ƙofar manyan gasa.

Ranar kuwa ta zo tana ɗaliba. Hukumar tanis ta Amurka ba ta rubuta dokar hana baƙar fata shiga babbar gasarta ta Forest Hills ba, sai dai ta ce sai wanda ya nuna bajinta a ƙananan gasa, alhali kuwa ƙananan gasan nan a kulob-kulob ɗin da ba sa gayyatar baƙar fata ake yin su. A watan Yuli na 1950 wata tsohuwar zakara Baturiya, Alice Marble, ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a wata mujallar tanis ta tona asirin wannan dabara, ta nemi a bar yarinyar ta gwada kanta a fili. Kunya ta kama hukuma, aka gayyace ta. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara Althea ta ci wasanta na farko, sa'an nan ta gamu da Louise Brough, wadda a lokacin ke riƙe da kambin Wimbledon. Tana gaba da ci 7 da 6 a zagaye na uku, saura ƙiris ta yi nasara, sai hadari ya taso da ruwa da tsawa aka tsai da wasa. Washegari Brough ta ƙarasa da ci 9 da 7. An kayar da ita, amma duniya ta ga abin da aka daɗe ana ɓoye mata. A 1951 ta buga a Wimbledon karo na farko.

Ta karɓi digirinta a 1953, ta kama aikin koyar da ilmin motsa jiki a Jami'ar Lincoln da ke Jefferson City a Jihar Missouri. Shekarun da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba a fagen wasa, har ta yi niyyar barin tanis ta shiga aikin soja. Albashin malanta ne ya riƙe ta a wannan tsakani. A ƙarshen 1955 Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta tura ta rangadin sada zumunci a ƙasashen Asiya, ciki har da Indiya da Pakistan da Bama da Silon, tare da wasu 'yan wasa 3 Turawa. Ba boyayyen abu ba ne cewa gwamnatin tana son wanke sunanta ne a idon sababbin ƙasashe masu 'yanci game da wariyar launin fata. Duk da haka tafiyar ta amfane ta, domin ta dawo mata da ƙwarin gwiwa.

Daga nan sai nasara ta yi ta bin nasara. A 1956 ta ci gasar Faransa a birnin Paris, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasa 4 na duniya. A wannan shekara kuma ta ci wasan 'yan bibbiyu a Paris da Wimbledon tare da Angela Buxton, wata Bayahudiya 'yar Ingila wadda ita ma ta sha wariya a kulob-kulob na ƙasarta. A 1957 ta kayar da Darlene Hard a Wimbledon, ta kuma kayar da Louise Brough a Forest Hills, watau ta rama bashin shekara 7. A 1958 ta sake cin gasa biyun nan. Jimillar manyan kambunanta 11 ne: 5 ita kaɗai, 5 na 'yan bibbiyu na mata, 1 kuma tare da namiji. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta shekara a 1957 da 1958.

To, amma fa duk wannan ɗaukaka babu kuɗi a cikinta. Dokar tanis ta wancan zamani ta ce manyan gasa na masu wasa don sha'awa ne kawai. Wanda ya ci Wimbledon ba a ba shi ladan kuɗi, sai ɗan guzurin tafiya da masauki, wanda kuma ya karɓi kuɗi don wasa a kore shi daga gasa. Wannan doka ta dace da 'ya'yan attajirai, waɗanda da ma suna da abin dogaro a gida, amma 'yar manomin auduga ba ta da inda za ta jingina. Saboda haka a ƙarshen 1958, tana da shekara 31, tana kuma kan gaba da kowace mace a duniya, ta bar manyan gasa ta fita neman abinci.

Abin da ta tarar a waje ba shi da auki. Maza irin su Jack Kramer da Pancho Gonzales suna da rangadin kuɗi da ke jan 'yan kallo, mata kuwa babu wani tsari da aka yi musu. Ta bi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Harlem Globetrotters gari gari, tana buga wasan nuni da Karol Fageros domin ɗebe wa 'yan kallo kewa. Ta yi faifan waƙa a 1959, ta kuma fito a wani fim na John Wayne a wannan shekara. Kamfanoni da kulob-kulob da ke ɗaukar tsofaffin zakaru aikin talla ko koyarwa ba su cika nemanta ba, alhali waɗanda ta kayar a fili suna samun irin wannan tayi. A 1964, tana da shekara 37, ta koma wasan golf, ta zama baƙar fata ta farko a ƙungiyar mata masu wannan sana'a a Amurka. A wasu wuraren an bar ta ta buga a fili amma an hana ta shiga ɗakin kulob, sai a cikin motarta take canja tufafi. Mafi girman matsayin da ta kai shi ne na biyu a wata gasa a 1970, abin da ta samu kuma bai taka kara ya karya ba.

Haƙiƙa ta riga zamaninta ne da shekara 10 kacal. A 1968 aka soke tsohuwar doka, aka buɗe manyan gasa ga kowa, aka fara biyan lada. A Wimbledon na wannan shekara Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King kuma fam 750. Matan ba su yarda da wannan bambanci ba. A 1970 su 9 suka ɓalle suka kafa nasu rangadi a birnin Houston, a 1973 suka kafa ƙungiyarsu, a wannan shekarar kuma gasar Amurka ta daidaita ladan maza da mata, kowa dala 25,000. Wimbledon ba ta bi sahu ba sai a 2007. A 2023 wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 19, Coco Gauff, ta ci gasar da aka taɓa hana Althea shiga, ta karɓi dala miliyan 3. Ita wadda ta fasa ƙofar ba ta ɗanɗani ko kaɗan daga wannan arziki ba. Bayan nasararta ta 1958 ma sai da aka yi shekara 41 kafin wata Ba'amurkiya baƙar fata, Serena Williams, ta sake cin babbar gasa ita kaɗai a 1999.

Haka kuma abin da wata ƙaramar kwalejin baƙaƙen fata ta yi mata don raɗin kanta ya zama doka daga baya. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har a fagen wasanni. Wannan doka ce ta tilasta wa jami'o'i ba 'yan mata sukolashif da masu horarwa da filaye. Daga wannan tsari aka sami irin su Lisa Raymond, wadda ta ci gasar jami'o'i a 1992 da 1993 sa'an nan ta zama ta ɗaya a duniya a wasan 'yan bibbiyu, da Danielle Collins, wadda ta ci gasar jami'o'i a 2014 da 2016, ta kammala digirinta a Jami'ar Virginia, ta kai wasan ƙarshe na gasar Ostireliya a 2022. Ko Nijeriya ma ta ci moriyar hanyar jami'a, domin Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ta Jami'ar Houston ya bi.

Mai yiwuwa wani ya ce, in dai digiri bai hana Althea Gibson ƙarewa cikin talauci ba, ina amfaninsa? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amsarta tana cikin tarihin kanta. Digirin nan shi ya ciyar da ita tsakanin 1953 da 1955, lokacin da saura kaɗan ta bar wasa, in da ta bari kuwa da babu Paris babu Wimbledon. Ilmin nan kuma shi ya ba ta damar shiga aikin hukuma bayan ƙarfi ya ja baya, har a 1976 aka naɗa ta kwamishiniyar wasanni ta Jihar New Jersey, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Amurka. Gaskiya ne ilmi bai mai da ita attajira ba, amma ya ba ta sana'a da mutunci na shekaru masu yawa. Abin da ya gaza shi ne tsarin da ke kewaye da ita, wanda bai tanadi fansho ko kuɗin asibiti ga wadda ta ɗaga sunan ƙasa ba.

Zamanta a wancan ofishi ma darasi ne ga ma'aikata. Ba ta daɗe ba ta ajiye muƙamin, domin ta tarar an ba ta suna da kujera amma an hana ta iko da kuɗin gudanar da aiki. Naɗa shahararren ɗan wasa a kan muƙami don a ɗauki hoto da shi, ba tare da an ba shi abin aiki ba, wata hanya ce ta cin moriyar ganga a ya da kwaurenta.

A shekarun 1990 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta tara, ta shige gida ta daina ganin mutane. Angela Buxton, abokiyar wasanta ta 1956, ita ce ta sa aka sanar da duniyar tanis halin da take ciki a 1996, jama'a daga ƙasashe da dama suka aiko da gudummawa. Ta rasu ranar 28 ga watan Satumba na 2003, tana da shekara 76. Bayan ranta aka buga hotonta a kan kan sarki a 2013, aka kafa gunkin tunawa da ita a filin gasar Amurka a 2019, aka kuma sa siffarta a kan tsabar kuɗi a 2025. Yabon gwani ya zama dole, amma da an kashe mata kaɗan daga cikin wannan ɗawainiya tana raye, da ya fi mata amfani.

Bisa ga haka, wajibi ne ɗalibin da Allah ya ba baiwar wasa, mace ko namiji, ya riƙe littafinsa da kyau. Shekarun wasa kaɗan ne, rauni guda yana iya yanke su, waɗanda ke samun miliyoyi kuma 'yan ƙalilan ne a cikin dubbai. Wanda kuma ya bar makaranta da wuri, kada kunya ta hana shi komawa, tun da mai shekara 19 ta zauna da yara ta fita da digiri.

Wajibi ne kuma shugabannin makarantu da jami'o'i su daina ɗaukar ɗan wasa tamkar sojan haya, a neme shi ranar gasa a manta da shi ranar jarrabawa. Makarantar da ta amfana da ƙafa ko hannun ɗalibi, haƙƙi ne a kanta ta tabbatar ya fita da takardar shaida ta gaskiya. A kuma ba 'yan mata nasu kaso na filaye da kayan wasa da masu horarwa, cikin yanayin da iyaye za su natsu da shi, domin baiwa ba ta zaɓen jinsi.

Ma'aikatan hukumomin wasanni da na ilmi kuwa, su ne ke rubuta takardun da ke zama doka da kasafin kuɗi. Liyafar tarbar zakara ta yini ɗaya ce, rayuwarsa bayan wasa kuwa tana iya kai shekara 40 ko fiye. Kamata ya yi tun ranar da aka ɗauki yaro ko yarinya don wakiltar jiha ko ƙasa a rubuta yadda karatunsa zai ci gaba, da wanda zai biya in ya ji rauni, da abin da zai dogara da shi in ya tsufa, a kuma sa wannan cikin ƙa'ida yadda canjin gwamnati ba zai shafe shi ba. Likitoci biyu da aljihunsu, da wata kwaleji mai ƙaramin ƙarfi, sun yi wa Althea Gibson rabin wannan aiki, suka ba duniya zakara. Sauran rabin, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko biyu, aikin hukuma ne, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya.